Hwatsuma, Faɗimatu da Binta: Tafiyar Suna Ɗaya a Bakunan Al'ummai

Duk wanda ya zauna a yammacin ƙasar Zamfara, tun daga Talata Mafara da Bakura har zuwa Maradun da garuruwan da ke ƙarƙashinta irin su Damaga da Faru, idan ya kasa kunne ga sunayen da ake kiran mata da su a gidan biki da bakin rijiya da rumfunan kasuwa, ba zai daɗe ba zai gane cewa akwai wani suna guda wanda da wuya a sami gidan da babu mai shi, amma kuma kowane baki da irin yadda yake fitar da shi. Tsohuwa ta ce Hwatsuma ko Hwatcima, liman ya ce Faɗimatu, malamin makarantar boko ya rubuta Fatima a rajista, ƙawaye su ce Fati, uwa kuwa saboda kunya ta ce Binta ko Zara, ko ma ta kauce gaba ɗaya ta ce Ummi. Baƙon da bai san kan al'amari ba sai ya zaci mata ne barkatai, alhali kuwa yarinya ɗaya ce, sunan da aka raɗa mata ranar da aka yanka ragonta kuma ɗaya ne tak. Waɗannan sauye-sauye, waɗanda wasu masu zafin gyara a yanzu suke ɗauka kuskure ne na waɗanda ba su yi karatu ba, in aka bi su a tsanake za a tarar kowannensu yana ɗauke da labarin hanyar da sunan ya biyo da mutanen da suka karɓe shi, har ya iso gare mu.

Asalin sunan dai na Larabawa ne, kuma ya girmi Musulunci. Malaman lugga sun ce an ciro shi daga kalmar da take nufin yaye, watau raba yaro da nono, saboda haka ma'anarsa ita ce mace mai yaye. Kuma ba abin mamaki ba ne mutanen hamada, waɗanda mutuwar jarirai ta addaba, su yi wa 'yarsu fatan ta rayu ta haihu har ta yaye. A cikin Ƙuraishawa kaɗai, kafin aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai Faɗimomi da dama waɗanda littattafan sira suka kiyaye sunayensu: Faɗimatu 'yar Amru, kakarsa ta wajen uba, wadda ta haifi Abdullahi da Abu Ɗalib, da Faɗimatu 'yar Asad, mahaifiyar Sayyidina Aliyu, da Faɗimatu 'yar Za'ida, mahaifiyar Nana Hadiza, sa'an nan da Faɗimatu 'yar Haɗɗabi, wadda a gidanta ne ɗan'uwanta Sayyidina Umar ya sami takardar Suratu Ɗaha, abin da ya zama sanadin musuluntarsa. Ɗaliban zaure da suka kai ga karatun waƙoƙin Jahiliyya kuwa sun san cewa Imru'ul Ƙaisi ya kira wata mace da wannan suna a cikin mu'allaƙarsa, ya kuma datse masa harafin ƙarshe bisa ƙa'idar da malaman nahawu suke kira tarkhimi. Ashe ke nan gajarta wannan suna ba Bahaushe ne ya fara ba; masu shi ma sun yi, tun ana sauran shekaru masu yawa kafin ya ƙetare Bahar Maliya.

Amma abin da ya fitar da sunan daga cikin sunayen wata ƙabila ta Makka, ya mayar da shi na duniya, shi ne mace guda, Nana Faɗimatu, ƙaramar 'ya'yan Manzon Allah mata huɗu. An haife ta a Makka, ta ga wahalar da mushirikai suka gana wa mahaifinta da idonta, ta yi hijira zuwa Madina, aka aurar da ita ga Sayyidina Aliyu a shekara ta 2 bayan Hijira, ta haifi Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsum, kana ta rasu a shekara ta 11, daidai da 632 Miladiyya, kimanin wata shida bayan wafatin mahaifinta. Ita kaɗai ce daga cikin 'ya'yansa ta rayu bayansa, kuma ta tsatsonta ne zuriyarsa ta wanzu, shi ya sa duk wani sharifi a doron ƙasa, daga Fas har Kano, zuwa gare ta yake jingina nasabarsa. Aka yi mata laƙabi da Zahra'u, mai haske, da Batulu, wadda ta yanke zuwa ga bautar Ubangijinta. Sai dai in ka tambayi matan karkara abin da suka fi riƙewa daga labarinta, ba za su fara da nasaba ba. Za su ba ka hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito, cewa dutsen niƙa ya yi wa hannuwanta kanta har ta je neman a ba ta mai taimako, mahaifinta kuwa maimakon haka ya koya mata da mijinta tasbihi talatin da uku, da tahmidi talatin da uku, da takbiri talatin da huɗu yayin kwanciya. Macen da ta tashi tun asuba ta surfa gero, ta niƙa, ta ɗebo ruwa, ba ta bukatar mai fassara mata wannan hadisi, kuma ba wuya a gane dalilin da ya sa take son 'yarta ta ci wannan suna.

Daga Madina sunan ya bi Musulunci duk inda ya sa gaba, har dauloli suka yi ado da shi. A shekarar 909 wata daula ta kafu a ƙasar Tunis ta yau, sarakunanta suna da'awar su jikokin Nana Faɗimatu ne, aka kira su Faɗimiyyawa. A 969 jarumin yaƙinsu Jauhar ya ci Masar, ya kafa birnin Alƙahira, ya kuma gina masallacin Azhar, wanda masana da yawa suke danganta sunansa da laƙabin Zahra'u, ba su kuwa gushe ba sai da Salahuddini ya kawo ƙarshen mulkinsu a 1171. Can yamma kuma, marubutan tarihin Fas sun ruwaito cewa wata mace mai dukiya, Faɗimatul Fihriyya, ita ce ta gina masallacin Ƙairawiyyina a 859, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi na duniya. Kowace al'umma da sunan ya shiga kuwa sai ta tanƙwara shi daidai bakinta. Turkawa suka ce Fatma da Fadime, mutanen Farisa suka ce Fateme, Somaliyawa suka ce Fadumo, masu harshen Sawahili suka ce Fatuma, Barebari suka ce Falmata, Yarabawa suka ce Fatimo, Wolof na Senegal da Gambiya suka ce Fatu, mutanen Mali da Gini suka ce Fatumata ko Fanta, Berber na duwatsun Aljeriya kuma suka ce Faɗma, kamar jarumarsu Lalla Faɗma Nsumer, wadda ta tsaya wa sojojin Faransa har suka kama ta a 1857. Babu wata daga cikin waɗannan al'ummai da ta ga ta rage wa sunan daraja don ta faɗe shi da harshenta.

A ƙasar Hausa, sunan ya tarar da gida cike da sunaye. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa da addini a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, sa'an nan zuwan Shaihu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Amma tun kafin wannan, da kuma bayansa da daɗewa, Bahaushe yana kiran 'yarsa ne da abin da ya kewaye haihuwarta. Wadda aka haifa bayan maza ita ce Kande ko Delu, wadda ta biyo tagwaye Gambo, wadda yayyenta suka yi ta mutuwa kafin ita Ayashe, ta ƙarshe kuma Auta. Sa'an nan ga sunayen ranaku, Ladi da Tani da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe, waɗanda su kansu shaida ne cewa lissafin kwana bakwai da sunayensa na Larabci sun riga sun zauna a ƙasar, kamar yadda garin Mafara ya sami ƙarin Talata a sunansa saboda ranar cin kasuwarsa. Musulunci bai kori waɗannan ba, sai ya sama wa kowane muhalli: sunan yanka na littafi ne, shi ake ambata wajen ɗaurin aure da addu'a da rabon gado, laƙabi kuma na cikin gida ne da tsakar unguwa. Har yanzu ana ganin su biyun a jere, kamar a sunan Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, wadda ta riƙe muƙamin Babbar Jojin Jihar Neja, inda na farko ya fito daga gidan Annabi, na biyu kuma sunan ranar Alhamis ne.

Ƙasar Zamfara tana da nata rabo na musamman a cikin wannan labari. A ƙarshen shekarun 1780 da farkon na 1790 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kamar shekara biyar yana yawon wa'azi a wannan ƙasa, ya zauna a Faru, kuma ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati cewa wani malami mai suna Musɗafa Gwani ya soki yadda mata suke halartar majalisin wa'azin, aka mayar masa da amsa cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Shehu ya yi aiki da abin da ya faɗa a cikin gidansa, domin ya karantar da 'ya'yansa mata, ya kuma sa musu sunayen matan gidan Annabta, irin su Hadiza da Hafsatu da Safiya da Asma'u da Maryamu da Faɗimatu. Wannan Faɗimatu shaƙiƙiyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, amma a gida da Mo'inna aka san ta, watau ta Inna da Fulatanci, kuma da wannan alkunya Nana Asma'u ta yi mata marsiyya bayan rasuwarta. Asma'u ɗin, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa wa shugabanninsu, waɗanda ake kira jaji, malfa, su kuma su jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da shi a cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci masu ɗauke da labarin Annabi da iyalansa da salihan mata. Ta irin wannan hanya, daga bakin mace zuwa kunnen mace, sunayen gidan Annabta suka shiga ɗakunan da malami namiji ba ya iya shiga.

Wanda yake son ya ga inda sunan yake samun gindin zama, sai ya halarci suna a gari irin Damaga. Tun jajibere an raba goro ga dangi da maƙwabta. Da an sallame sallar asuba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa su zauna a gaba, samari a baya, ragon kuma yana ɗaure a gefe. Uban jaririya ko wakilinsa ya matso ya raɗa wa liman sunan a kunne, a kwantar da rago a yanka da niyyar wannan suna, liman ya ɗaga hannu a yi fatiha, sa'an nan maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, ya ce, “Sunan yarinya Faɗimatu! Allah ya raya Faɗimatu!” Kafin ya rufe baki guɗa ta tashi daga tsakar gida, jama'a kuma suna ta cewa Allah ya raya, Allah ya sa mai jin ƙan iyaye ce. Da hantsi wanzami ya zo da zabirarsa, ungozoma ta riƙe jaririyar a cinya, ya jiƙa gashin ya aske shi tas. Kusan duk abin da aka yi a wannan safiya yana da madogara a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta ce a yanka dabba ɗaya a rana ta bakwai, ba a lissafa ranar haihuwa, shi ya sa suna yake faɗowa a ranar da ta yi daidai da ranar haihuwa bayan mako guda. Kuma a mazhabar Malik ba a bambanta namiji da mace a wannan yanka, kowa ɗaya. Askin kuwa, Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Nana Faɗimatu ta auna gashin Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsum, ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Saboda haka ko da jaririyar Hauwa ce ko A'isha, akwai sawun Faɗimatu a cikin bikin sunanta. In kuwa tagwaye ne mata, to sunayen 'ya'yanta maza ake juyawa a ce Hassana da Husaina.

Dalilin da ya sa lafazin ya rabu kashi-kashi yana cikin harafi na uku na sunan. Wannan harafi na Larabci, wanda ake cika baki wajen faɗinsa, babu irinsa a Hausa, sai Bahaushe ya nema masa mafi kusa daga cikin nasa, ya kuwa sami biyu. Wani lokaci ya mayar da shi ɗa, kamar a ɗalibi da ɗahara da ɗariƙa da sharaɗi, wanda shi ne lafazin zaure da na Fulani, daga nan aka sami Faɗimatu. Wani lokaci kuma ya mayar da shi tsa, kamar yadda ɗibbu ya zama tsibbu, huɗuba ta zama hutsuba a bakin wasu, daga nan aka sami Fatsuma da Fatsima. Rubutun ajami ma ya tabbatar da wannan zumunci, domin da wannan harafi ake rubuta ɗa, kuma da shi ake rubuta tsa in an ƙara masa ɗigo. Sa'an nan karin harshen yamma, na Sakkwato da Zamfara da Gobir da Adar, ya ƙara nasa: a nan fa takan koma hwa, yadda fari yake zama hwari, Mafara ta zama Mahwara, tsi kuma takan koma tci, sai ga Hwatcima, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa suke rubutawa Fatchima bisa ƙa'idar Faransanci. Lafazi na uku, mai ta tsura, shi ne na takarda, ya ƙarfafa ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka shigo da boko. Kafin a tsayar da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, da ma bayan an tsayar da su, keken rubutu na ofis bai san ɗa ba, magatakarda kuwa abin da ya saba gani a littattafan Ingilishi shi yake rubutawa. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976, 'yan mata suka shiga aji da yawa, sai Fatima ta rajista ta fara rinjayar Hwatsuma ta gida.

Sauran sunayen kuwa kunya ce ta haife su. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan surukarta, ba ta faɗin sunan 'yarta ta fari, kuma tun da al'ada ce a mayar da sunan iyaye ga jikoki, sau da yawa sai jaririya ta zo da sunan da rabin mutanen gidan ba su da bakin faɗinsa. Maƙwabciya ta shigo barka ta tambayi mai jego, “Wa aka samu?” Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce, “An yi wa Inna takwara.” Uban ya ce uwata ce ta dawo, ya riƙa kiranta Ummi ko Mama, kakar kuma, mai sunan, ta karɓe ta tana zolaya, tana cewa ga kishiyata ta iso, ta zo ƙwace mini miji. A irin wannan hali ne alkunya take aiki, har kowane babban suna ya sami abokin rakiya wanda kowa ya sani: Hauwa ita ce Kulu, A'isha ita ce Indo, Hadiza ita ce Dije ko Kubura, Zainabu ita ce Abu, Halima ita ce Sadiya. Faɗimatu kuwa ta fi kowa yawan abokan rakiya, domin laƙubbanta na asali sun zama Zara da Zara'u da Batula, sa'an nan ga Binta. Wannan na ƙarshe gajartawa ce ta bintu Rasulillahi, 'yar Manzon Allah. A wurin Balarabe bintu kowace 'ya ce, amma mutanen Afirka ta Yamma, daga Hausa har Senegal inda ake cewa Bintu da Bineta, sun keɓe kalmar ga mace guda, suna ganin in an ce 'ya ba a ƙara komai ba, to an san wadda ake nufi. Wannan fahimta ce ta masoya, kuma ba a littafin lugga suka samo ta ba.

Wani abin al'ajabi kuma shi ne yadda sunan ya ƙetare iyakar addini. Musulmi sun mulki sassan Andalus daga 711 zuwa 1492, suka bar sunaye a kan garuruwa da koguna, daga cikinsu har da wani ƙauye a tsakiyar ƙasar Fotugal mai suna Fatima, wanda almarar mutanen wurin take cewa sunan wata gimbiya ce Musulma da aka kama a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 12. A ranar 13 ga Mayu 1917 wasu yara uku makiyaya na wannan ƙauye suka ce Nana Maryamu ta bayyana gare su, wurin ya zama babbar maziyarta ta mabiya ɗariƙar Katolika, iyaye Kirista a Fotugal da Barazil suka shiga sa wa 'ya'yansu Mariya ta Fatima. Daga can sunan ya sake dawowa ƙasarmu ta wata ƙofa, domin manyan majami'un Katolika na Kano da Jos, da wata a Gusau, duk da sunan Maryamu ta Fatima aka san su. Mai wucewa ya ga allon ya yi zaton aro aka yi daga maƙwabta Musulmi, alhali kuwa aron ya yi shekara ɗaruruwa, kuma sai da ya zaga ta Turai.

Kada kuma a ɗauka wannan ɗabi'a ta tanƙwara suna daidai baki, ta mutanen gabas da Afirka ce kaɗai. A can ƙarshen arewacin Turai, a ƙasar Suwidin, an yi wata mace mai ibada da ake kira Birgitta, wadda aka haifa wajen 1303, ta rasu a birnin Rum a 1373, Cocin Katolika kuma ya sa ta cikin waliyyansa a 1391. Sunanta ba na Suwidin ba ne tun asali, daga tsibirin Ailan ya zo, inda ake da wata waliyyiya mai suna Brigid. Amma saboda girman da mutanen arewa suka ba ta, sai sunan ya bazu a Suwidin da Norwe da Danmak, ya gajarce ya zama Birgit da Britta da Berit, har kalandar Suwidin ta ware masa ranar 7 ga Oktoba. Da ya shiga ƙasar Finlan, inda harshensu na asali ba shi da harafin ba, sai ya koma Pirkko da Pirjo. Dalilan da suka yi aiki a can su ne suka yi aiki a nan: mace saliha wadda jama'a suke neman albarkarta, da iyaye masu mayar da sunan kakanni, da harshe wanda ba ya karɓar baƙon harafi sai ya sauya masa kama.

A wannan zamani abubuwa biyu suna matsa wa tsofaffin lafuzzan lamba. Na farko takarda ce: mace ta tashi tana Hwatsuma a gida, Fatima a takardar makaranta, Binta a katin asibiti, sai ranar da za ta buɗe asusun banki ko ta nemi fasfo na aikin hajji na'ura ta ce waɗannan mata uku ne, a tura ta kotu ta yi rantsuwa cewa ita ce ita. Na biyu kuwa ra'ayi ne da ya yaɗu tsakanin matasa, cewa duk lafazin da bai yi daidai da na mutanen Makka ba ƙauyanci ne, har yarinya takan ji haushi in kakarta ta kira ta da sunan da ita kakar ta gada. Matsalar farko maganinta mai sauƙi ne, watau iyaye su tsayar da rubutu ɗaya na sunan yanka tun ranar suna, su bi shi a kowace takarda. Ta biyu ita ce take bukatar tunani, domin karatun Alƙur'ani ne aka wajabta wa tajwidi, ba kiran yara cin tuwo ba. Kuma malaman da suka tsayar da addini a wannan ƙasa, waɗanda suka fi mu sanin makhrajin kowane harafi, ba su ga aibi ba su kira 'yar Shehu da alkunyar Fulatanci har a cikin marsiyya.

Abin da ya rage shi ne aikin tattarawa, kuma lokacinsa yana ƙurewa. Tsofaffin matan Bakura da Maradun da ƙauyukan bakin gulbi, waɗanda suka san wace alkunya ce take bin wane suna, da wanda ya halatta ya faɗe ta da wanda bai halatta ba, da kirarin da ake yi wa kowace mai suna ranar bikinta, kullum raguwa suke yi, ilminsu kuwa bai taɓa shiga littafi yadda ya kamata ba. Ga Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau duk a Talata Mafara. Da ɗalibansu masu sha'awar harshe da tarihi za su ɗauki alƙalami su zauna gaban kakanninsu, gari gari, su rubuta kowane suna da yadda ake faɗinsa da dalilin sa shi, da sun tsirar da wani babi na tarihin shigar Musulunci cikin gidajen Hausa wanda littattafan sarakuna da na yaƙe-yaƙe ba su kula da shi ba, domin mata ne suka riƙe shi. Allah ya ba da ikon yi.